Bututun Lasifikata a Bikin Argungu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi a gaban manya na kare mutuncin kawuna, na zubar da nawa.

Ni ma'aikacin ofis ne a Birnin Kebbi, aikina fayil da hatimi. Amma tun da na gyara rediyon maƙwabcinmu a Gwadangaji (batir ne aka sa a juye) na fara jin kaina injiniya. Da aka sa bikin ƙanena a Argungu, na ce kada a ɗauko mai kayan sauti, ni zan haɗa lasifika da hannuna.

Na sayo sifika babba, na kai wa Malam Ɗan'ige kafinta katako ya buga mini akwati. Irin wannan akwati ana yi masa rami a gaba a zura bututu, ta nan yake numfashi, ta nan kuma bes yake fita, wato ƙaran nan mai dukan ƙirji. Na duba a waya, aka ce faɗin bututun huɗu. Inci huɗu ake nufi. Ni na auna santimita huɗu, na sayo bututun roba.

Malam Ɗan'ige ya juya ɗan bututun a hannu, ya leƙa ta ciki.

"Yallaɓai, wanga abu ya yi ƙanƙane. Kuma bakinai a buɗe aka yi nai, kamar na algaita, don iska shi fita da sauƙi."

"Malam, kai dai fasa ramin. Lissafi ne."

Duk da haka maganar algaitar ta tsaya mini a rai. Na koma gida na kara bakin bututun a garwashin kurfotin matata, na danna shi a kan kwalba don ya buɗe. Ya narke ta gefe ɗaya, ya lanƙwashe kamar leɓen raƙumi, gidan ya cika da warin roba, ta kore ni daga kicin. Na dube shi na ce ai buɗewa ce ake so, ya buɗe. Na gwada a ɗaki, a hankali, lafiya lau.

Ranar walima na lulluɓe akwatin da zane mai kyau, na ajiye shi a bayan kujerar Kawu Alhaji, yayan mahaifiyarmu, wanda zai yi jawabin godiya. Mutum ne da ko tari ya yi sai an yi shiru. Na murɗa sauti har ƙarshe, domin dangin amarya daga Ambursa su san da wa suka haɗa zuri'a.

Kawu ya karɓi makirfo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

Wani sauti ya fito daga bayansa. Ba zan tsaya siffantawa ba, duk wanda ya taɓa cin wake da yawa ya san shi. Har gefen babbar rigarsa sai da ya ɗaga.

Kawu ya daure ya ce, "Bayan gaisuwa..." Sautin ya sake fitowa, wannan karon da ɗan jan wutsiya. Duk inda ya furta "ba" ko "fa" da ƙarfi, sai akwatin ya amsa. Liman ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Wani tsoho daga dangin amarya ya ja kujerarsa gefe a hankali, cikin ladabi. A ɓangaren mata kuwa mayafai sai girgiza suke yi.

Kawu ya waiwayo ya dube ni. "Kai, mi na haka?"

Mai hankali zai je ya rage sauti ne, shi ke nan. Ni sai na ga ai dole a wanke dattijo. Na yi tsalle na karɓe makirfon daga hannunsa, na fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ba Kawu ba ne. Ni ne. Ramina ne ya yi ƙunci, iskar ba ta samun hanya."

Akwatin ya gaskata ni nan take.

Liman ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Ango ya durƙushe yana riƙe da ciki. Na yi ƙoƙarin bayanin inci da santimita, na ƙara da cewa na ma gasa bakin a wuta don ya buɗe, abin ya ƙara lalacewa. Kawu ya miƙo hannu ya karɓi makirfon, ya kashe, ya gama jawabinsa da muryar da Allah ya ba shi. Da zai zauna ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Allah shi ba ka lahiya."

Har yau idan na je Ambursa, tsofaffin gidan amarya sukan tambaye ni ya jiki, kuma da gaske suke.

Na dai koyi abu biyu. Idan kafinta ya ce abu ya yi ƙanƙane, to ya yi. Sannan idan aka ji wani ƙara a taro ba a san mai shi ba, ba kai aka ɗora wa aikin bayani ba, balle da makirfo a kunne.