Ɗanɗanon Maganin Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren amaryar Udubo ba, ko da zan manta sunayen jikokina, kuma ga shi na fara mantawa da su. Ke mai rubutu, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In kin ga ina share ido ki ci gaba da aikinki. Tun da Malam mijina ya rasu (Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa) haka idon nan yake, ko dariya nake yi sai ya zubo.

A wancan zamani, in ana maganar jere a Azare, ni ake nufi. Ba yabon kai ba ne, a tambayi tsofaffi. Mu a lokacinmu tasoshi da kwanuka ake ɗorawa ɗaya bisa ɗaya a kan dakalin ɗakin amarya, babba a ƙasa ƙarami a sama, har su kusa taɓo azara. Ba igiya, ba ƙusa, hannu ne kawai da ido. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu. Nakan hau turmi a kife in ɗora ta ƙarshe, in sauko in buga ƙafa a ƙasa da gangan, don dangin ango su ga ko motsi ba ta yi. Har daga Yana an taɓa aiko mini da jaki.

Malam, mijina, ɗinkin buhu yake yi a inda ake awon gyaɗa, kuma ƙurar wurin ce ta sa masa fuka, wadda yanzu kuke cewa asma. In ta tashi sai ya zauna ya dafa gwiwoyi, ƙirjinsa yana fito kamar an cusa masa sarewa, ba ya iya haɗa magana. Mun yi turare, mun yi sassaƙe, mun sha rubutu. Daga baya aka ce ya je ɗakin shan magani na gari. Malamin asibitin, wani dogo mai farar riga, ya ba shi waɗansu ƙwayoyi farare ƙanana a ƙunshin takarda, ya ce sunansu ifidirin (na riƙe sunan ne domin shi ya ci mini mutunci). Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma, in kasuwa ta zagayo ya koma a ƙara masa.

To, ni 'yar mai magani ce. Babana Babarbare ne mazaunin Giade, kuma bai taɓa miƙa wa mutum ƙoƙon magani ba sai ya fara kurɓa a gabansa. Komai yawan dawowarka, kullum sai ya kurɓa. Yakan ce hannun da ya miƙa, bakinsa ya fara sha. Da wannan na tashi. Saboda haka da Malam ya shigo da ƙunshin, na tare shi.

"Shi mai farar rigar ya sha a gabanka?"

Ya ce a'a.

Na ce, "To, ba a gidan nan ba."

Na gwada gutsurar ƙwayar, ta wargaje a haƙorina, ga ɗaci. Sai na ga gara in haɗiye guda sukutum. Daga ranar, duk ƙwayar da zan miƙa wa Malam sai na fara haɗiye 'yar'uwarta. Ya ce mini, "Ke dai 'yar Giade, ba naki ba ne." Na ce in guba ce gara ta kwashe mu tare, wa zai bar ni da kaji? Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya ƙyale ni.

Magani kuwa ya yi aiki. Ƙirjin Malam ya saki, yana zuwa masallaci bai tsaya hutawa a hanya ba. Ni ma na ji nawa rabon. Barci ya ragu, abinci bai dame ni ba, ina daka kamar budurwa. Na ce lallai maganin ƙwarai ne, mai lafiya ma ƙara masa yake yi. Abu ɗaya ne, ƙunshin yakan ƙare tun kasuwa da saura. A waɗannan kwanakin fukar sai ta dawo, Malam ya koma dafa gwiwa. In na ce ya je a ƙara masa, sai ya ce da ni, numfashi guntu-guntu, "Malamin ya ce... a riƙa... hutawa." Na yarda. (Kin ga mace mai jera tasa har azara, amma ba ta gane cewa abin da aka auna wa baki ɗaya ba ya isar baki biyu ba.)

Ana nan sai maƙwabcinmu ya auro wa ɗansa 'yar Fulanin Udubo. Kayan ɗakinta sun cika tsakar gida: ƙorai masu zane, tasoshin jan ƙarfe na gado, sababbin kwanukan Kano, da wani farantin tangaran guda ɗaya tak mai furanni, wanda kakar amarya ta rungumo tun daga Udubo kamar jinjiri. Ni aka kira, wa za a kira?

Da safen ranar na yi tunani. Jere wuni ake yi. Wa zai ɗanɗana wa Malam na rana da na yamma? Sai dabara ta zo mini, har na yaba wa kaina. In sha nawa duka uku yanzu, in bar masa nasa an riga an ɗanɗana. Na haɗiye su da ragowar koko, na ɗaura kallabi, ban ko gaya masa ba.

Ina shiga gidan biki na yi karo da Goggo Adama, gwaggon amarya, ita ce jagorar mutanen Udubo. Kin san Fulani da Barebari, ba a haɗuwa a rabu lafiya.

"Ga baiwarmu ta iso! Babarbariya, a wanke hannu kafin a taɓa kayan iyayengiji."

Na ce, "Bafulatana, ku da kuka saba jere a bayan sa, yau za ku ga yadda ake yi a ɗaki."

Da farko abin daɗi. Kafin mata su gama gaisawa na tayar da jeri guda. Sai gumi ya fara karyo mini, alhali rana ba ta ɗaga ba. Sai zuciyata ta kama kiɗa, ba kiɗan taushi ba, kalangun mahauta. Bakina ya bushe ƙayau, amma maimakon ya yi shiru sai ya ɓalle. Na gaya wa uwar ango miyarta ta jiya ba daddawa. Na ce ango tun yana goye kunnuwansa kamar faifai suke. Na ce kitson Goggo Adama sheƙar ungulu ta fi shi tsari. Ina jin kaina ina faɗa, ina cewa a raina ke yi shiru mana, bakin yana can gaba ya bar ni a baya. Mata suna ta dariya, sun ɗauka wasan biki ne. Uwar ango ba ta yi dariya ba.

Sannan hannu. Hannun nan da ake aiko wa jaki daga Yana ya fara rawa. Na ɗauki tasa, tana bugun awarwarona, kar-kar-kar. Goggo Adama ta ce, "Babarbariya, kiɗa aka kira ki ko jere?"

Mai hankali da ta zauna ta ce a ba ta ruwa. Ni kuwa na ce, "Ko ido rufe sai na gama." Na hau turmi, turmin yana rawa, ko ni ce ke rawa, oho. Na miƙa hannu a ba ni farantin tangaran, don shi ne zai hau can ƙoli. Kakar amarya ta dube ni, ta dubi yatsuna, ta ƙara ƙanƙame shi. Na ce, "Kawo, Inna. Ni ce fa." Ta miƙo. Na ɗora. Wallahi ya zauna! Har an fara guɗa.

Da na sauko a hankali da yau ba ni da labarin ba ki. Amma al'ada, sai na buga ƙafa. Na diro daga turmin, na buga, ƙarfin da ban san ina da shi ba ya tafi da ni, na yi tangal-tangal, gwiwar hannuna ta zunguri jeri na farko. Na farko ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku. An ce har bakin kasuwa an ji ƙarar. Jakai suka ɗauki kuka. Wata tasa ta fita ta ƙofa da gudu, ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure, ta yi ta juyi a gaban liman har ta gaji ta kwanta. Farantin tangaran kuwa ya rabu biyu a gaban mai shi.

Mata suka ce iska ce ta hau ni. Aka lulluɓe ni da zane, aka kawo garwashi da turare. Wata tana tambaya, "Wane ne kai? Me kake so a ba ka?" Ni kuwa daga cikin zane ina cewa ni ce, ruwa nake so, kuma miyar ba daddawa. Goggo Adama ce ta zura hannu ta dafa ƙirjina, ta daina wasa. Ta ce, "Wannan ba iska ba ce, zuciyarta ce za ta fito. Ku kawo jaki." Haka aka kai ni ɗakin shan magani, rabin 'yan biki suna biye.

Mai farar riga ya kama wuyan hannuna, ya leƙa idona. Ya ce, "Baiwar Allah, me kika sha?"

"Koko. Sai ɗanɗanon maganin Malam."

"Ɗanɗano? Guda nawa?"

Na ce uku, har da ɗaga kai, don a san ni 'yar gado ce. Ya ce tun yaushe. Na ce tun ranar farko, tun da shi bai ga dama ya ɗanɗana ba. Sai ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce, "Saurara. Jiki kamar gida ne mai ƙofofi, kowace ƙofa da irin sallamar da take amsawa. Akwai sallamar da jiki da kansa yake yi in mutum ya yi kiciɓis da kura: ƙirji ya buɗe don a sha iska, zuciya ta ƙara gudu, barci ya watse. Wannan ƙwaya irin sallamar nan take kwaikwayo. Mijinki ƙofar ƙirjinsa ce take ƙin buɗuwa, shi ya sa muke aika ta kaɗan-kaɗan. Ke taki a buɗe take. Kin aika masu sallama uku gidan da ba a rufe ba, suka tashi kowa. Tun safe jikinki gudun kura yake yi, ke kuwa kina kan turmi."

Mata suka kwashe da dariya, ni ma na fara. Sai aka dare, ga Malam a bakin ƙofa, ya ji labari ya taho da ƙafa, ya dafa bango yana neman numfashi.

Mai farar riga ya miƙe. "Malam, ashe nan ƙwayoyin suke tafiya? Ka zo mini kafin lokaci, na ce ko sayarwa kake yi, na yi maka faɗa a gaban jama'a, na hana ka. Ka yi shiru ka tafi."

Na ce, "Ba kai ka ce a riƙa hutawa ba?"

Ya ce, "Ni? Fuka tana hutawa ne?"

Ki dakata da rubutun, in share ido.

Faɗuwar tasoshi ba kunya ba ce, 'yar nan. Kunya ita ce wannan. Na dubi mutumin nan dafe da bango, na tuna duk wunin da ya yi dafe da gwiwa ni ina ta fifita shi, ina tsine wa ƙurar gyaɗa, ashe numfashinsa yana cikina ina daka da shi. Na ja zanen nan mai warin turare na rufe fuskata da kaina.

Mai farar riga ya ce, "Me ya hana ka hana ta?"

Malam ya jira iska ta isa, sannan ya ce, "Tun da uwata ta rasu... ba wanda ya taɓa... riga ni shan ɗaci... sai ita."

Goggo Adama ta share hanci da gefen mayafi ta ce, "To, Babarbariya, kin cinye maganin miji, kin fasa farantin iyayengiji, saura ki ɗanɗana mana allura mu tafi gida."

Aka kwantar da ni, aka yi ta ba ni ruwa, wajen la'asar kalangun ya lafa. Washegari na koma na sake jeren, ba wanda ya roƙe ni, ban kuma buga ƙafa ba. Kakar amarya ba ta amsa gaisuwata ba har ta koma Udubo, kuma tana da gaskiya. Farantin, amarya ta liƙa ɓarin biyu a bango da laka, 'ya'yanta suka tashi suna ce masa farantin Babarbariya.

Malam ya yi shekaru masu yawa bayan nan. Duk sanda na miƙa masa ƙwaya sai ya dunƙule hannu da sauri ya ce, "'Yar Giade, kin dai ƙoshi ko?" A ciwonsa na ajali, ya daina magana sosai, na kai masa ƙoƙon ruwa baki. Sai ya turo shi wajena da yatsa ɗaya. Na gane. Na kurɓa, sannan ya sha.

Ki rubuta abin da na koya, ko da wata mai kaifin kai irina a cikin masu karantawa. Kafin ki taya mutum shan ɗacinsa, ki tambaya ko ɗacin ne ke riƙe da ransa. In kuma kin ɗora faranti ya zauna, ki sauko a hankali.