Mai Numfashi a Kunnena na Hagu

Ba zan taɓa mantawa da azumin da wani ya tare a cikin kunnena na hagu ba. Ko na so mantawa, 'yan ajinmu ba za su bari ba.

Ina aji biyar na sakandare lokacin, tashina ke nan daga taifot. Na rame har Yaya Auwalu, babban wanmu, yana cewa in iska ta taso a ɗaure ni a jikin turmi. Sai ga azumi, a tsakiyar zafin Wudil. Umma ta ce in sha, in rama daga baya. Na ce Allah ya kiyaye, ƙannena su gan ni da kwano da rana tsaka?

Ranar da abin ya fara, ina dawowa daga makaranta ni kaɗai, na biyo hanyar da ke bi ta gefen kogi. Rana ta take, ba kowa, ko akuya babu. Sai na ji numfashi. Na waiga, wayam. Ba a bayana yake ba, ba a gefena ba. A ciki yake. Fuuu, fuuu, a hankali, kamar na mai barci. Na tsaya cak, na riƙe numfashina don in saurara sosai. Shi ma ya yi shiru. Na saki, ya saki. (Mai hankali a nan zai gane komai. Ni kuwa cewa na yi lallai wannan gogagge ne, kwaikwayona yake yi.)

Na yi a'uziyya. Wata murya mai kauri ta yi ta tare da ni daga cikin kunnen, kamar an cusa kaina a randa. Aljanin da ke taya ka a'uziyya, ina za ka kai ƙararsa? Na kwasa da gudu, shi kuma ya kama daka a cikin kaina, dum, dum, dum, har ƙofar gida.

Da la'asar na gano lagonsa. Ina kai goshina ƙasa a sujada, sai tsit. Na ɗago, na yi sallama, can sai ga shi ya dawo, fuuu. Bayan shan ruwa, in na cika cikina da kunun tsamiya na kwanta, ba shi ba labarinsa. Da hantsi kuma ya dawo bakin aiki. Na zauna na haɗa lissafi: yana tsoron sujada, kuma an ce ana ɗaure shaiɗanu a watan azumi, to wannan tsinkewa ya yi, ya rasa maɓoya sai kunnena.

Ban faɗa wa kowa ba. Hafsa, 'yar ƙanwar Umma da ke Dagumawa, da aka ce aljanu sun shige ta, zango guda ta yi a gida ana mata ruƙiyya, ta dawo ta maimaita aji. Ga jarrabawarmu ta shiga aji shida ta ƙarato. Ni, uwar surutun ajinmu, in zauna da yaran da nake aike sayen awara? Sai na ja bakina. Magana ma na koma yin ta ƙasa-ƙasa, don ko raɗa na yi ji nake kamar da lasifika. Umma har tana gaya wa maƙwabta azumin bana ya shiryar da ni.

Ranar lissafi aka tara mu a babban ɗakin taro. Ba wuta, fanka a tsaye, ba ka jin komai sai ƙarar biro. Na karanta tambaya ta farko, sai ga mutumin. Fuuu. Na haɗiye yawu, ya yi ƙara kamar an jefa guga a rijiya. Na sake karanta tambayar a raina, dakan nan ya hana ni gane ko kalma ɗaya. Ina jinsa kusa, kusa ƙwarai, kamar ya jingina kuncinsa da nawa daga ciki yana leƙen takardata.

Sujada ba ta yiwuwa a nan, sai na yi rabinta. Na zura kaina ƙarƙashin tebur, tsakanin gwiwoyina. Shiru. Na ɗago, na rubuta layi biyu, ya dawo, na sake nutsewa. Haka na yi ta yi kamar agwagwa, har wani nutso da na yi na ga takalma a gabana. Takalman Malama Binta ne, mai sa ido a kanmu, wadda ko tari ka yi sai ta tambayi dalili.

"Miƙo," ta ce.

Na tambaye ta me zan miƙo. Ta ce abin da nake karantawa a ƙasan tebur. Ta kakkaɓe hijabina, ta sa na cire takalmi da safa, ba ta samu komai ba. Duk da haka ta ɗauke takardata ta zaro jan biro. Dokar makarantarmu kuwa kowa ya sani: wanda aka rubuta wa satar amsa, ya maimaita aji.

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce ba ta ji. Na sake faɗa, a kunnena kamar ina ihu, ta ce in daina motsa baki in yi magana. Sai na tattara ƙarfina duka.

"Malama, aljani ne a kunnena. Sai na sunkuya yake yin shiru. Ga shi nan ma yanzu yana numfashi."

Ƙarar biro ta ɗauke. Ummi, aminiyata da ke kusa da ni, ta ja teburinta a hankali. Wata a baya ta ƙwalla ƙara, shi ke nan, ɗaki ya watse. Maza ta taga, mata ta ƙofa. Malama Binta ta saki takardata, tana ja da baya tana Ayatul Kursiyyu. Aka bar ni a tsakiyar ɗakin ba takalmi, ga takalman mutane a warwatse, daga ni sai shi. Fuuu.

Malamin addini ya zo ya yi ta karatu a kaina, sannan ya ce, "Wane ne kai?" Na faɗi sunana. Ya ce ba da ni yake ba. Muka jira tare, ba wanda ya amsa.

Yaya Auwalu ne ya zo ya ɗora ni a babur sai asibiti. Likitan ya tambaya ko na yi ciwo kwanan nan na rame, ko ina azumi, ko abin yana ɗaukewa in na kwanta ko na sunkuya. Na ce ashe ya san shi. Ya ce ya san shi sarai. Wai akwai wata 'yar hanya tsakanin kunne da bayan hanci da ke zama a rufe, rama da ƙarancin ruwa a jiki kan sa ta tsaya a buɗe, sai mutum ya riƙa jin numfashinsa da muryarsa da bugun zuciyarsa. In ka sunkuyar da kai, jini ya taru a wurin, sai ta rufe. Magani: in sha ruwa sosai, in ci abinci, in mayar da jikina. (Yaya Auwalu sai da ya fita waje ya dafa bango don dariya.)

An sake mana jarrabawar da sababbin tambayoyi, masu wuya fiye da na farko, abin da har yau ajinmu ba su yafe mini ba. Na haye da ƙyar. Jikina na dawowa, baƙon ya tafi ba sallama.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ki sanar da jama'a kina da aljani, ki tabbatar kina da shi. Mai aljanu a garinmu tausayinta ake ji, har dubiya ake zuwa mata da lemo. Wadda ta kori aji guda saboda numfashinta kuwa, ko a gidan biki nuna ta ake yi da baki.