Rasuwar Zakanya, A-kori-kurar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu wanda ba baƙin ciki ba ne, Yaya, babban ɗan mai shagon siminti, yana sanar da rasuwar a-kori-kurarsa, Zakanya. Ta cika a hawan gada, da buhunan mutane a bayanta, a daidai lokacin da farar tsohuwar motar ƙaninsa Auta ta zo ta wuce su ko tari ba ta yi.

Marigayiya ta taso da ladabi, kuma ita ke kai Baba shago kowace safiya. Ranar da Baba ya yaba lafiyar motar Auta a gaban kwastomomi, ranar Yaya ya kai ta gareji. Aka ɗaga ƙafafunta, aka sa mata salansa mai faɗin bokiti, aka cire akwatin matatar iskarta aka ɗaura buɗaɗɗiya. Tsohon akwatin kuwa Yaya ya miƙa wa Auta yana dariya: "Ungo, ka sa wa kakarka." Auta ya yi godiya, ya sa wa tsohuwar motarsa.

Tun daga nan muryarta ta zama "gurum-gurum-fat!", Baba kuma ya ce kunnensa ba zai ɗauka ba, ya koma kujerar gaba ta motar Auta. Wannan ya ci wa Yaya rai fiye da duk abin da ya biyo baya, har yau kuma yana ci.

Jinyarta ta yi tsawo. Bakanike ya zare fulogi ya gan shi fari fat, ya ce iska ta rinjayi fetur. Ya ƙara mata mai, fulogi ya koma baƙi ƙirin, hayaƙinta ya sa masu shanya a layi tsinuwa. Ya rage, ta koma zazzaɓi da atishawa ta kafireta. Da ya gaji, ya goge hannu ya ce, "Maigida, ba ta da ciwon komai sai hancin aro. Karɓo akwatinta na asali wajen ƙanenka." Yaya ya je har ƙofar Auta, ya tarar da shi yana wanke mota Baba na riƙe masa tiyo suna hira. Maimakon ya roƙi akwatin, sai ya tambaye su ko sun ga makullinsa, ya juyo. Zafi ya huda mata fistan a satin.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran kwana, da fitilu shida da ba a taɓa buƙata ba, da akwatin iska ɗaya da ke zaune lafiya a gidan wani. Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri kada su ce, "Ai ta Auta na nan." An sani.

Za a kai ta makwancinta wajen 'yan gwangwan gobe da hantsi. Motar Auta ce za ta ja ta da igiya, Yaya zai riƙe sitiyarin gawa yana kallon bayan farar tsohuwar har can. An tanadar wa Baba kujerarsa a motar gaba, amma ya aiko cewa ta baya zai shiga. Ya ce tunda ta yi shiru, yana da magana da ɗansa.