Farar Ƙasa a Ƙofar Gida

A Birnin Tsamiya komai da tsarinsa. Giwa ke sarauta, Dila ke waziri, masu farce suna zaune a kan tudu, masu kofato da sauran talakawa kuma a Unguwar Kwari, inda ruwan wankin tudu ke gangarowa. Kowa ya san matsayinsa, har ciwo ma ya san unguwarsa.

Da tari ya ɓarke a Kwari, majalisa ta zauna. Dila ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a maganin abin da ba a gani ba. Duk gidan da ke da mai tari a shafa farar ƙasa a ƙofa. Hankaka zai riƙa shawagi yana kawo mana rahoto, mu kuma mu aika magani."

'Yan Kwari suka ƙi, don sun san halin tudu. Tabawa, wata gada bazawara mai ɗa guda, ita ce ta yarda, ta yi ta bi gida-gida. "Haba jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Yau ɗaya an tuna da mu, sai mu noƙe?" Maƙwabciyarta Ladidi, matar Zomo, ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, kin tabbata?" Tabawa ta rantse da kabarin uwarta. Da hannunta ta kwaɓa ƙasar, ta shafa a ƙofar Ladidi, don Zomo na tari.

Rahoto kam ya isa fada, Hankaka bai tsallake ƙofa ko ɗaya ba. To amma wa aka naɗa Sarkin Dubiya? Kura! An ce ita ta fi kowa tausayin marar ƙarfi, kullum tana bin bayansa. Ta zo da rawani da yaranta, suka ɗauki Zomo a kan makara wai za a kai shi jinya bayan dutse. Haka suka bi ƙofofin nan masu fari. Ba wanda ya dawo, sai rawanin Kura da ya soma matse mata wuya.

Ladidi ba ta zagi Tabawa ba, da ma zagin ta yi. Ta daina amsa gaisuwarta kawai.

Tabawa ta hau tudu ranar majalisa, zuciyarta na tafasa. Ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, magani kuka ce. Da bakina na rantse musu. Ina Zomo? Ina sauran? Kun ci amanata, kun sa na ci ta dangina!"

Giwa ya kaɗa kunne, ya dubi waziri. Dila ya yi murmushi. "Baiwar Allah, tambaya ɗaya. Masu tari a Kwari sun ragu ko sun ƙaru? Hankaka, fararen ƙofofi fa?"

"Tun jiya ban ga ko ɗaya ba," in ji Hankaka. Gaskiya ya faɗa, 'yan Kwari sun kankare ƙofofinsu tas.

"Alhamdu lillahi," in ji Kura, ta yi gyatsa.

Nan take majalisa ta zartar cewa an ga bayan annoba, a dakatar da neman magani tunda babu mai bukata. Aka rataya wa Tabawa tukuicin dutsen wuya, don ita ce ta wayar da kan talakawa. Wallahi da ƙasa ta tsage da ta shige.

Ta iso gida da la'asar, tun daga zaure ta ji ɗanta Tanko na tari, irin mai fito ɗin nan. Jikinsa zafi rau. Ragowar farar ƙasar na nan a ƙwarya bayan ƙofa. Ta dube ta, ta dubi yaron, ta tura ƙwaryar ƙarƙashin gado da ƙafa.

Makaɗan fada suka shigo layin suna shelar lafiya, inuwar Hankaka ta gifta tsakar gida. Tanko ya ja numfashi zai sake tari.

Tabawa ta rungume shi, ta toshe masa baki. "Yi haƙuri ɗana," ta raɗa masa tana hawaye. "Riƙe shi har su wuce."