Bakanike Ya Yi Wa Kaji Sabis

Wani bakaniken babur ne, matarsa za ta tafi jinyar yayarta ta kwana goma. Tana da 'yan matan kaji shida, watansu biyar da ƙyanƙyasa, babarta ce ta ba ta su. Tana ɗaure kaya tana ja masa kunne: tsaba da safe, ruwa da rana, in kuma ta dawo ta tarar ko ɗaya ta mutu, shi zai je da ƙafarsa ya yi wa surukarsa bayani. Shi kuwa gara ya wuni ƙarƙashin tirela da ya tsaya gaban matar nan.

Kwana biyu da tafiyarta ya leƙa akurki, ya ga zankon da ke kan kajin ya kumbura, ya yi ja wur. Ya taɓa da bayan hannu, ya ce shi ke nan, inji ya ɗau zafi. Ya yayyaga tsohuwar singiletinsa, ya jiƙa, ya ɗaura wa kowacce a ka, ya jawo fankar ɗaki ya kunna musu.

Washegari ya miƙa hannu zai canja wa ɗaya tsumma, sai ta lafe a ƙasa, ta ɗan buɗe fukafukai, ta yi tsit. Ya taɓa ta biyu, ita ma ta lafe. Ya danna bayanta ya saki, ba ta taso ba. Ya girgiza kai, ya ce shoka ce ta mutu, wato abin da ke tare wa babur gargada. Ya je gareji ya kwaso guntayen waya da robar tsohon tif na taya, ya zauna yana yi musu ɗori ƙafa-ƙafa.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta leƙo ta katanga, ta ga kaji da rawani suna tafiya kamar sojoji. Ta ce masa jan zanko da lafewar nan ba ciwo ba ne, sun isa yin ƙwai ne, ya kwance su ya sa musu ciyawa a kwando.

Ya ce, "Iya, shekara ashirin ina gyara. Abin da ya yi zafi ya zauna ƙasa, ba lafiya ba ce."

Rana ta huɗu suka fara kyarkyara, suna shiga lungu suna fita. Ya kama ɗaya, ya ɗora sukundireba a bayanta, ya kanga kunne a ƙotar. Ya ce ƙarar daga ciki take, mai ne ya ƙone. Ya ɗebo man girki a cokali, ya jera su zai yi musu canji.

Ashe tsohuwa ta riga ta buga wa matar waya. Yana cikin buɗe bakin ta farko sai ga matar da jaka a ka. Ta dubi fanka, ta dubi ɗori. Can ta hango hular kwanonsa a bayan randa, wata kaza na ɗingisowa daga ciki. Ta ɗaga, ƙwai huɗu, ɗaya ma da ɗuminsa.

Ta kai masa hular har hanci. "Baban yara, ga marasa lafiyarka. Me za ka ce?"

Ya ƙirga da yatsa, ya gyara tsayuwa.

"Suna kan gyara ma sun yi huɗu. Ki bari in gama sabis ki ga aiki."