Yadda Na Zama Ɗan Rakiyar Mai Gudu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka ɗora mini aikin bin Hafsatu da mashin, ko da kuwa na so in manta, tunda mutanen hanyar Bakura ba za su bar ni ba.

Hafsatu 'yar yayata ce. Tun tana sakandare a nan Talata Mafara ba mai wuce ta a tsere, har wata mai horarwa daga Gusau, Malama Asabe, ta ce yarinyar za ta iya gudun famfalaki, wanda ake yin kilomita arba'in da biyu. Sai dai ba kowa ake ɗauka a gasar ba: akwai gwaji, akwai lokacin da aka yanke, wadda ta wuce shi ta koma gida. Mahaifinta malamin zaure ne, kuma da ƙyar ya yarda. Ya ce shekara ɗaya ya ba ta, in ba ta samu shiga ba an rufe maganar, kuma ba za ta fita ita kaɗai ba, yadda hanyoyi suka zama yanzu. Ni ne kawu, ni ne mai mashin, don haka ni aka naɗa.

Tsarin Malama Asabe mai sauƙi ne. Yawancin kwanaki Hafsatu ta yi gudu a hankali, irin wanda mutum zai iya hira yana yi. Rana ɗaya a mako ce ta sauri, wata ranar kuma ta yi doguwar tafiya da daidai saurin da za ta yi ranar gwaji. Na ji bayanin, na gyaɗa kai kamar na gane (ni malamin makaranta ne, gyaɗa kai ba ya mini wuya).

Matsalar tana wata kwalbati a gefen magudanar ruwan noman rani, inda manoman shinkafa ke shan shayi da safe. Ranar farko da muka wuce, ita tana 'yar sassarfa cikin dogon wando da hijabi, ni ina jan mashin a baya da ƙafa ɗaya a ƙasa, sai wani dattijo ya ɗaga kofi ya ce, "Malam, wanga gudu na, ko amarya kaka rakiya?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Washegari da muka doso wurin na danna ham, na ce, "Ke, ɗaga ƙafa, ana kallonki!" Ta ɗaga. Muka wuce kamar iska, aka tafa mana, na ji daɗi har kunnena. Daga nan ya zama kullum. Tun ina danna ham a kusa da kwalbati, har na koma dannawa duk inda na hango mutum, ko da mai kiwon awaki ne. Hafsatu ba ta taɓa cewa uffan ba. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta gyara wa kawunta magana a kan titi.

Wata Asabar Malama Asabe ta zo duba ta, ta tsaya a kwalbatin tana jiranmu. Ta lura yarinyar na ɗingisawa kaɗan, ta tambaye ta me ya sa ranakun gudu a hankali ma take komawa gida a galabaice. Hafsatu ta sunkuyar da kai. Ni da ya kamata in yi shiru, sai na gyara hula na ce ai ni na ƙara mata wuta, don wannan gudun a hankali ba gudu ba ne, ko ni mai tumbi zan yi shi ina ba da labari.

Malama Asabe ta ce, "To bismillah, Malam. Ku jera da ita zuwa waccan bishiyar, ka ba ta labarin."

Na kafe mashin, na naɗe riga. Da farko ina ta zuba, ina ba ta labarin yadda na ci tsere a firamare. Kafin rabin hanya labarin ya koma tari. Ƙirjina ya ɗauki zafi, gwiwoyina suka fara shawara da juna, ita kuwa ko numfashinta ban ji ba, tana ma tambayata, "Kawu, mu rage?" Na buɗe baki in ce a'a, santsin laka ya kwashe ni, sai ga ni zaune tsamo-tsamo a cikin gonar shinkafa, hulata tana yawo a kan ruwa. Dattijon nan ne ya jawo ni, yana cewa, "Sannu Malam, hala ruwa kaz zo dubawa?"

Wannan kunyar mai sauƙi ce, ta bushe tare da rigar. Babbar ta zo da aka duba ƙafar Hafsatu aka ce ƙashin ƙwaurinta ya gaji, sai ta huta makonni. Ta je gwajin ba ta gama murmurewa ba, lokacin ya kufce mata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A hanyarmu ta dawowa ba ta yi kuka ba, kuma ba ta ga laifina ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Na je zauren mahaifinta na durƙusa, na faɗa masa komai, na roƙe shi ya ƙara mata shekara, tunda wadda ta wuce ni na cinye ta. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Na ji. Ɗiyata ta bi abin da anka ce mata, ba ita tay yi garaje ba. In ƙara mata. Amma kai ka huta."

Yanzu shi yake bin ta, a kan tsohon kekensa, yana karatu a ransa, kuma duk wanda ya yi magana sallama kawai yake mayar masa. Ni dai na koyi cewa in za a ba mutum rakiyar mai dogon zango, a fara duba ko yana iya jure dariyar masu shayi. Ni ban iya ba, ƙafar Hafsatu ce ta biya.