Canjaras Ba Ya Hawa Shafin Farko

Duk wanda bai san Shafin-Farko ba, wallahi ya yi asarar ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu. Shi ne babban edita, ƙaramin edita, kuma mai share ofishin jaridar wasanninmu ta intanet, wadda ke bayan shagon aski, daf da janareta. Allah ya ba shi abin da bai ba kowa ba: yana rubuta labarin ƙwallo bai taɓa taka fili ba. Wai ihun 'yan kallo yana dagula masa nazari.

"Mutane ba sa karatu," yakan gaya wa masu zuwa aski, waɗanda kumfa a haɓa ta hana su gudu. "Injin bincike ke karatu, shi nake rubuta wa." Shi ya sa yake cusa "sakamakon wasan yau" a kowace jimla. Har ta'aziyyar tsohon alƙalin wasa sai da ta sha shi sau tara, kamar gishiri a hannun makauniyar mai girki.

Sai ga ƙanin matarsa, golan ƙungiyar unguwa, ya shigo hannu a kumbure. An tashi canjaras babu ci, ya tare fenariti biyu. Kocin wata babbar ƙungiya ya ji labarinsa, ya ce zai duba intanet. In gaskiya ne, zai kira shi gwaji.

"Yaya, don Allah ka rubuta yadda aka yi kawai," in ji gola. "Shekaruna sun ja, wannan ce damata ta ƙarshe."

"Yadda aka yi?" Shafin-Farko ya gyara gilashin da babu magani a ciki. "Ƙanena, wa ka taɓa gani yana neman babu-ci a intanet? Injin yunwar ƙwallaye yake ji. Bar min."

Aka bar masa kuwa. Ya zuba ƙwallo bakwai a ragar baƙi don girmama unguwa. Ya zuba shida a ragar ƙaninsa don adalci, shi ba ya son kai. Fenariti biyun ya bari suka shiga, tunda injin ba ya son a ɓata masa rai. Sunan gola kuwa ya hau kan labari da manyan baƙaƙe, har da hoto, saboda zumunci.

Kuma a faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Da ka rubuta sunan, labarin ne a sama. Shafin-Farko ya zagaya shagon da waya a hannu yana nuna wa kowa, har wanda reza ke wuyansa.

Gola ya jira kira har wayarsa ta gaji da dubawa. Abin ya ba ni tausayi, ba wasa. Rannan ya je gidan yayarsa, matar Shafin-Farko, ya zauna bakin ƙofa ya kasa cin abinci.

"Maigida," in ji matar, "wai mutum nawa suka karanta abin nan da ka kashe min ƙani a kansa?"

Shafin-Farko ya buɗe waya cikin isa, ya duba, ya sake dubawa.

"Ɗaya," ya ce. "Amma babban mutum ne fa. Koci ne."